Gidaje Biyu a Bakin Teku da Littattafan da Suka Zama Gawayi

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 2025 wani aikin bincike ya kai mu birnin Los Anjalas na jihar Kalifoniya a ƙasar Amurka. Ana saura kwana biyu mu juyo gida, sai mai masaukinmu, wanda shi ma malamin adabi ne, ya ce ba zai sallame mu ba sai ya kai mu wani gida a bakin teku da ake kira Getty Villa. Muka bi babban titin da ya rungumi gaɓar Tekun Fasifik, ruwa a hagunmu, tuddai a damanmu. A kan tuddan kuwa filaye ne birjik waɗanda a da gidajen mutane ne, domin gobarar dajin da ta tashi ranar 7 ga Janairu, 2025 ta cinye gine-gine fiye da 6,000 a wannan yanki, ta kuma kashe mutum 12. Wutar ta lashe itatuwan da ke kewaye da gidan da za mu, amma ginin da kayan cikinsa suka tsira, har aka sake buɗe shi ga jama'a a watan Yuni na shekarar.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu labarin wannan ziyara shi ne, gidan da muka shiga kwaikwayo ne na wani gida daban da ke ƙasar Italiya, wanda shi ma a bakin teku yake, shi ma wuta ta auka masa, kusan shekara 2,000 da suka wuce. Tarihin gidajen biyu yana da abin da zai faɗa wa ɗalibin harshe da adabi game da abin da ke saura idan mai gida da dukiyarsa suka kau.

Abin da Ido Ya Gani

Shiga gidan kyauta ne, sai dai mutum ya nemi tikiti mai ɗauke da lokacin zuwansa. Abin da ya fara tarbar mu shi ne babban lambu mai siffar doguwar farfajiya, an kewaye shi da baranda mai jerin ginshiƙai, a tsakiyarsa kuma akwai tafki na gini wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 67. Idan mutum ya tsaya a ƙarshen lambun ya juya baya ga ginin, zai hango teku. Lambuna huɗu ne a gidan, kuma an yi ƙoƙari a shuka irin tsirran da Rumawan dā suke shukawa. A lambun da aka keɓe wa kayan ƙamshi da na magani mun ga rumman da ɓaure da zaitun da inabi da na'a-na'a. Cikin wani ɗan tafki kuma ga wata doguwar ciyawar ruwa mai tuntu a ka, wadda ake kira fafiros, irin wadda Misirawan dā suke tsagawa su yi takarda da ita. A lokacin ba mu ba ta muhimmanci ba.

Tsakanin shuke-shuken an girke mutum-mutumi na tagulla, wasu da fararen idanu kamar suna bin mai wucewa da kallo. Ga wani a kishingiɗe bisa dutse cikin maye, ga wani saurayi a zaune yana hutawa, ga 'yan mata a jere a bakin ruwa. Duk waɗannan ma kwaikwayo ne. Na ainihin suna gidan tarihi na birnin Napoli, birnin da ɗalibanmu suka fi sani ta hanyar ƙwallon ƙafa. A cikin ɗakuna ne ake samun tsofaffin kaya na gaske: tukwane masu zane, da sassaƙe-sassaƙe, da kayan ado, da tsabar kuɗi na Girkawa da Rumawa da mutanen Etruriya. Gidan yana da irin waɗannan kaya kimanin 44,000, amma ƙalilan daga cikinsu ake baje wa masu kallo.

Gidan Asali

Gidan da aka kwaikwaya yana wajen garin Herculaneum, a gindin dutsen Vesuvius mai aman wuta, a bakin gaɓar Napoli. An gina shi a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonsa a gefen teku ya kai mita 250. Akasarin masana suna ganin mai shi shi ne Lucius Calpurnius Piso, wani babban ɗan majalisar Rum, kuma surukin Yuliyus Kaisar, domin 'yarsa Calpurnia ce matar Kaisar ta ƙarshe. Al'adar manyan Rum ce su gina irin wannan gida nesa da hayaniyar birni, su zo hutu da baƙinsu, a ci a sha, a saurari karatu, a yi muhawara a inuwar baranda. Bayi ne ke yin noman lambun da girkin, galibi kuma su ne ke kwafar littattafan da ake karantawa.

A shekarar 79 Miladiyya dutsen ya yi aman da ya binne garuruwan Pompeii da Herculaneum. Muna da bayanin wanda ya gani da idonsa, wato Pliny Ƙarami, a cikin wasiƙu biyu da ya aika wa masanin tarihi Tacitus. A Herculaneum wata guguwa ce ta toka da iska mai tsananin zafi ta gangaro daga dutsen, ta rufe garin da abin da kaurinsa ya kai mita 20, daga baya ya daskare ya zama dutse. Daga shekarun 1980 masu haƙa sun samu ƙasusuwan mutum kimanin 300 a rumfunan bakin ruwa, inda suka taru suna jiran jiragen da za su kwashe su.

Gidan ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa har shekarar 1750, lokacin da masu haƙar rijiya suka faɗa kan wani daɓe mai da'ira na duwatsu masu launi. Sarkin Napoli na lokacin, Charles na zuriyar Bourbon, ya sa aka shiga haƙa ƙarƙashin kulawar wani injiniyan soja ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Karl Weber. Ba a yaye ƙasar da ke bisa gidan ba. Ramuka aka riƙa ginawa kamar na gafiya, ma'aikata suna bi da fitila, suna zaƙulo abin da suka samu suna kai wa fadar sarki. Ta haka aka fito da mutum-mutumi kusan 90 na tagulla da na dutse. Zuwa 1765 gurɓatacciyar iska ta tilasta aka toshe ramukan. Abin da Weber ya yi wanda ya bambanta shi da masu neman taska shi ne, ya zana taswirar gidan daki-daki, yana nuna inda aka samu kowane abu. Da wannan taswira aka gina gidan da muka ziyarta, bayan shekara fiye da 200.

Gawayin da Ya Zama Littafi

Tsakanin 1752 da 1754 ma'aikatan suka riƙa cin karo da wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule masu kama da guntayen itacen da ya ƙone. An ce sun zubar da wasu kafin wani ya lura da alamar haruffa a jikin ɗaya da ya fashe. Ashe littattafai ne, irin na wancan zamani, wato doguwar takardar fafiros da ake rubutu a kanta a naɗe ta kamar tabarma. Mafi yawansu a wani ɗan ƙaramin ɗaki mai kantoci aka same su, ɗakin da bai fi na ɗalibi ɗaya a makwancin jami'a ba. Wasu kuma an same su cikin akwatunan ɗauka a hanyar fita, abin da ya sa ake zaton wani ya yi yunƙurin tserewa da su. Jimillar abin da aka tattara, cikakku da gutsattsari, ta kai kimanin 1,800.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yin gawayi a ƙauye zai fahimci abin da ya faru. Idan aka rufe itace da ƙasa aka hana shi iska, zafi ba ya mayar da shi toka, gawayi yake zama. Haka guguwar dutsen ta yi wa waɗannan takardu. Da ba ta yi ba, da laimar Italiya ta ruɓar da su tun tuni, kamar yadda ta ruɓar da sauran ɗakunan karatun Rum. Shi ya sa wannan ne kaɗai ɗakin karatu na zamanin Girkawa da Rumawa da ya iso gare mu a haɗe, a wurin da masu shi suka bar shi.

Samun littafi daban, karanta shi daban. Mai kula da kayan tarihin sarki, Camillo Paderni, wuƙa ya sa ya riƙa tsaga su biyu, yana kankare ciki har ya kai ga shafin da ke karantuwa, ya lalata da yawa ta haka. Sai a 1753 aka ɗauko wani limamin Kirista daga ɗakin karatun Batikan, Antonio Piaggio, wanda ya ƙera wata na'ura mai zaren siliki. Yakan manna siririyar fata a bayan takardar, ya ɗaura zaren, ya riƙa ɗaga ta sannu-sannu, abin da bai wuce faɗin farce ba a yini. Littafin farko ya ci masa shekara huɗu kafin ya gama warware shi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Romon bai yi wa Turawan lokacin daɗi ba. Sun sa rai za a samu ɓatattun wasannin kwaikwayo na Girka ko tarihin Rum, sai ga shi littafin na wani Philodemus ne, wanda ba a san shi sosai ba, yana bayani a kan kiɗa. Na biyu ma nasa ne, na uku ma haka. Shi wannan malami an haife shi wajen shekara 110 kafin haihuwar Annabi Isa a garin Gadara, wanda kufansa ke ƙasar Jodan a yau. Ya yi karatu a Atina, ya bi tafarkin falsafar Epicurus, sannan ya koma Italiya ya zauna a inuwar Piso. Kafin wannan tono, abin da aka sani nasa bai wuce 'yan gajerun waƙoƙi da ambaton da Cicero da wasu 'yan marubuta suka yi masa ba. Yanzu ga littattafansa a kan waƙa, da balaga, da fushi, da mutuwa, da yadda malami zai faɗa wa ɗalibi gaskiya ba tare da ya karya masa zuciya ba. A ciki har an ga sunan mawaƙin Rum, Virgil, cikin waɗanda yake yi wa jawabi. An kuma samu sassa na babban littafin Epicurus a kan halitta, mai juzu'i 37, wanda a da ake ɗauka ya ɓata gaba ɗaya.

Ɗalibin waƙar Hausa ba zai ji baƙunta a muhawarar Philodemus ba. A zamaninsa akwai masu cewa daɗin waƙa duk a amo yake, kunne ne alƙali, ma'ana kuwa 'yar rakiya ce. Akwai kuma masu cewa waƙar kirki ita ce mai koyar da halin kirki. Shi ya ƙi ra'ayoyin biyu. A ganinsa ba a raba tunanin waƙa da lafazin da aka zuba shi a ciki, idan aka sauya ɗaya an sauya ɗayan. Wannan ita ce gardamar da muke yi a aji duk shekara idan muka zo kan jigo da salo, da kari da amsa-amo. Ba za mu san an yi ta da wannan zurfi a wancan ƙarni ba, ba don gawayin nan ba.

Ɗaruruwan naɗin sun ƙi warwaruwa, aka ajiye su a ɗakin karatu na ƙasa da ke Napoli. Shida daga ciki an ba Napoleon kyauta a 1802, suka tafi Faris, wasu kuma suka tafi Ingila. Babbar matsalarsu ita ce tawada. Da baƙin hayaƙi da ƙaro aka haɗa ta, kusan irin tawadar almajiranmu, saboda haka baƙi ne a kan baƙi, gawayi a kan gawayi. Wani malamin kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Kentucky, Brent Seales, ya shafe shekaru yana neman hanyar ɗaukar hoton cikin naɗin, kamar yadda asibiti ke ɗaukar hoton cikin jikin mutum, a warware shi a kwamfuta ba tare da an taɓa shi ba. A 2023 aka sa gasa, aka saki hotunan ga duk mai so. A watan Oktoba na shekarar aka sanar cewa wani ɗalibi mai shekara 21, Luke Farritor, ya horar da kwamfuta ta gane sawun tawadar, ya karanta kalma ta farko daga cikin naɗin da ba a buɗe ba, kalmar Girkanci mai nufin launin shunayya. A Fabrairun 2024 shi da Youssef Nader ɗan ƙasar Masar da Julian Schilliger suka ci kyautar dala 700,000 saboda fito da haruffa sama da 2,000. Abin da rubutun ke tattaunawa shi ne jin daɗi, da tambayar ko abin da ya yi ƙaranci ya fi wanda ya wadata daɗi.

Mai Gida na Biyu

An haifi J. Paul Getty a 1892. Ya gaji harkar mai daga mahaifinsa, amma abin da ya ɗaga shi sama shi ne yarjejeniyar da ya ƙulla da Sa'udiyya a 1949, inda ya biya dala miliyan 9.5 don haƙar mai a yankin da ke tsakaninta da Kuwait. An samu man a 1953, zuwa 1957 mujallar Fortune ta ce babu Ba'amurken da ya kai shi kuɗi. Ya kuma shahara da maƙo. A gidansa na Ingila ya sa wayar tarho ta jefa kwabo don baƙi. Da aka sace jikansa a birnin Rum a 1973, ya ƙi biyan kuɗin fansa har sai da ɓarayin suka yanke kunnen yaron suka aika wa wata jarida, sannan ya biya wani kaso, ya ranta wa ɗansa sauran da ruwa.

Wannan mutum ne ya kamu da son gidan Herculaneum, har ya rubuta ɗan ƙagaggen labari a kansa a 1955. Da kayan da yake tarawa suka yi wa gidan gonarsa na Kalifoniya yawa, sai ya ba da umurni a gina masa irin wancan. Wuraren da taswirar Weber ba ta nuna ba aka cike su da abin da aka gani a wasu gidajen Pompeii da Herculaneum. An buɗe ginin a watan Janairun 1974, masu sharhin gine-gine da yawa suka yi masa dariya, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa. Getty bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Tun 1951 da ya bar Amurka bai koma ba, ta hotuna yake bin aikin, ya mutu a Ingila a 1976. Gawarsa ce aka kawo aka binne a harabar. Hannun jarin da ya bar wa gidan ya kai dala biliyan 1.2 a shekarar 1982.

Kuɗi masu yawa haka a kasuwar kayan tarihi sun jawo abin da aka saba. A 2007 gidan ya amince ya mayar wa Italiya kaya 40 da aka tono ba bisa ƙa'ida ba, ciki har da wani babban sassaƙe na mace da ya saya dala miliyan 18 a 1988, wanda ya koma tsibirin Sisili a 2011. Akwai kuma wani saurayin tagulla da masunta 'yan Italiya suka tsamo daga teku a 1964, gidan ya saye shi a 1977, Italiya na cewa nata ne, a 2024 kotun kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta goyi bayanta. Mun tsaya a gabansa mun daɗe. Ɗan Nijeriya da ya san yadda kayan tagullar Benin suka bar ƙasar nan a 1897, da yadda ake tone sassaƙen Nok da dare, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abin da Kuɗi Bai Kwaikwaya Ba

Da muka gama zagaye muka dawo lambun kayan ƙamshi, muka sake tsayawa a gaban ciyawar fafiros ɗin nan, sai muka lura da abin da babu a gidan. An kwaikwayi ginshiƙai da tafki da daɓe da mutum-mutumi, aka kwaikwayi har da irin rumman ɗin da ke lambu. Ɗan ƙaramin ɗakin nan mai kantoci ne kaɗai ba a iya maimaitawa ba, alhali da shi ake kiran gidan asalin a yau, wato Gidan Fafiros. Sunan mai shi ma zato ake yi. Wanda aka tabbatar da sunansa shi ne malamin da ya ci abinci a inuwarsa, saboda shi ya bar rubutu.

A nan tunaninmu ya dawo gida. Wasu shekaru da suka wuce mun je wani gari neman rubutattun waƙoƙin ajami na wani malami da ya rasu. Magadansa suka karɓe mu hannu bibbiyu, suka jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, gara ta riga mu. Abin da ya rage a cikin gafaka biyu ya zama kamar dussa. Sauran littattafan kuwa an raba su a gado, kuma da yake warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, littafi guda ya rabu gida uku, wani da farkonsa, wani da ƙarshensa. Babu dutsen da ya yi aman wuta a garin. Gawayi ana iya ɗaukar hotonsa bayan shekara 2,000, amma abin da gara ta ci babu na'urar da za ta dawo da shi.

Ba za mu ce ba a yi komai ba. Tun shekarun 1950 ɗakin karatun Jami'ar Ibadan ya fara tattara rubuce-rubucen Larabci na Arewa. Gidan tarihi na Jos da Arewa House a Kaduna suna da nasu. Marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu ya tsare taskar gidansu, wadda daga cikinta aka samu da yawa daga waƙoƙin Nana Asma'u da aka buga a 1997. A Tumbuktu ma, lokacin da 'yan bindiga suka lalata littattafai kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba a Janairun 2013, mutanen gari sun riga sun sulale da dubu ɗaruruwa zuwa Bamako cikin akwatunan ƙarfe. Amma abin da ke cikin waɗannan taskoki kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ke zaurukan malamai da ɗakunan tsofaffi a Kano da Katsina da Zariya da Bauci, da unguwannin Hausawa na kudu inda da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla suka tashi.

Kammalawa

Har yau mafi yawan gidan Herculaneum yana ƙarƙashin garin Ercolano na zamani. Tonon da aka yi a shekarun 1990 ya nuna yana da hawa na ƙasa da Weber bai kai gare su ba, kuma masana suna ta gardama ko akwai wasu littattafan a can, ko kuma ya fi kyau a fara gama karanta waɗanda ke hannu. Mu namu aikin bai kai wannan wuya ba, ba ya kuma bukatar dukiyar Getty. Muna roƙon kowane ɗalibi, idan ya je hutu, ya tambayi manyan gidansu ko akwai gafaka ko akwatin takardu da wani kaka ya bari. Idan akwai, ya nemi izini a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da laima, kada a raba warƙoƙinsa. Ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa bi da bi, ya rubuta sunan mai littafin da garinsa da abin da tsofaffi suka tuna game da shi. Idan ya dawo makaranta ya kawo mana hotunan, mu zauna tare mu karanta.